Wa Ke Amsa Tambaya? Rahoto a Kan Taimakon Juna Tsakanin Ma'abota Buɗaɗɗiyar Manhaja

A cikin watan Janairu na shekarar 2022, wani masanin kwamfuta mutumin ƙasar Suwidin, Daniel Stenberg, ya sami wasiƙa daga wani babban kamfanin Amurka wanda bai taɓa ƙulla yarjejeniya da shi ba, bai kuma taɓa karɓar ko anininsa ba, ana umartarsa da ya amsa jerin tambayoyi cikin sa'a 24 game da wata ɓaraka da ta bayyana a manhajar Log4j, alhali kuwa ba shi ya rubuta Log4j ba, kuma manhajar da yake kula da ita tun 1998, watau curl, ba ta haɗa komai da ita ba. Bisa dukkan alamu, abin da ya sada kamfanin da shi bai wuce cin moriyar aikinsa da suke yi kyauta ba. Jawabin da ya mayar gajere ne: a shirye yake ya amsa duk abin da suka tambaya, da zarar sun sa hannu a kan kwangilar biyansa ladan aiki.

Wannan ƙissa, ko da yake tana da ban dariya, ta tattaro mas'alar da ta daɗe tana damun ma'abota buɗaɗɗiyar manhaja, watau manhajar da masu ita suka bayyana asalin rubutunta ga kowa, suka kuma halatta a karanta shi, a gyara shi, a rarraba shi ba tare da neman izni ba. Duniya ta jingina a kan irin wannan manhaja jingina mai nauyi, domin tana cikin kowace wayar Android, tana cikin motoci da talabijin, kuma da ita galibin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet suke aiki. Amma idan ta ƙi, ko ta rikita mai amfani da ita, sau da yawa babu ofishin da zai nufa, babu kuma lambar da zai kira, sai jama'ar da ta taru a kanta bisa raɗin kanta. Yadda za a sauƙaƙa wa mai neman taimako ya samu, a kuma sauƙaƙa wa mai bayarwa ya bayar ba tare da ya galabaita ba, shi ne abin da wannan rahoto zai bi diddiginsa.

Asalin al'amarin

A watan Satumba na 1983 Richard Stallman, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, ya shelanta niyyarsa ta gina cikakken tsarin sarrafa kwamfuta mai suna GNU, wanda ba za a hana kowa karanta shi ko gyara shi ba. A 1985 ya kafa gidauniyar da za ta tsaya wa wannan manufa, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa mafi girma shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, wajibi ne ya bar wa na bayansa irin 'yancin da shi ma ya tarar. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, ginshiƙin wani tsarin sarrafa kwamfuta, ya gayyaci duk mai sha'awa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. A 1993 Ian Murdock ya assasa Debian, wani tsari da aka gina a kan Linux. A 1998 kuwa, bayan kamfanin Netscape ya buɗe asalin rubutun manhajarsa ta shiga intanet, 'yan kasuwa suka fara shigowa da ƙarfinsu.

Sai dai akwai wata sadara a cikin waɗannan lasisai wadda galibin mutane ba sa karantawa, ko da yake sau da yawa da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, ita ce wadda ke bayyana cewa an ba da manhajar yadda take, ba lamuni, ba alkawarin za ta yi aiki, kuma marubucinta ba ya ɗauke da alhakin wata hasara da za ta biyo baya. Ta fuskar shari'a ke nan, babu wanda yake bin marubucin bashin amsa ko ɗaya. Galibin taimakon da ake samu, daga bayanin yadda ake ɗora manhaja a kwamfuta har zuwa gyaran kuskuren da ya tsayar da aikin ma'aikata guda, ihsani ne da wani ya yi da lokacinsa, sau da yawa da dare, bayan ya tashi daga aikin da yake ci da iyalinsa.

A farkon zamani wannan bai zama matsala ba, saboda jama'ar kaɗan ce, kuma mai tambaya yau shi ne mai amsawa gobe. A garuruwa da yawa masu amfani da Linux sukan kafa ƙungiya, su sa ranar da kowa zai ɗauko kwamfutarsa a taru a ɗora masa tsarin, a koya masa abin da ya sawwaƙa. Da adadin masu amfani ya kai miliyoyi, masu kula da manhajojin kuwa ba su ƙaru bisa wannan gwargwado ba, sai ma'aunin ya karkace.

Wahalar mai tambaya

Mutumin da manhaja ta tsaya masa, farkon abin da ke gabansa shi ne sanin inda zai kai kukansa, domin aiki guda yakan kasance da ƙofofi huɗu ko biyar: akwai rajistar kurakurai, akwai zauren tambaya da amsa, akwai ɗakin hira, akwai kuma littafin jagora, kowace ƙofa da ƙa'idarta, kuma wanda ya kai tambayar koyo wurin da aka keɓe don rahoton kuskure yakan tarar an rufe maganarsa kafin ya fahimci laifinsa. Idan ya dace da ƙofar, sai ya gamu da wahala ta biyu, wadda ta fi ta farko: ba ya iya siffanta abin da ya same shi, saboda siffanta cuta na bukatar wani yanki na ilimin da rashinsa ne ya kawo shi. Abin da ya sani kawai shi ne abu ya ƙi aiki.

Magabatan wannan fanni sun yi ƙoƙarin koyar da ladabin tambaya. A 1999 Simon Tatham, marubucin manhajar PuTTY, ya rubuta maƙala a kan yadda ake kai rahoton kuskure, inda ya nuna cewa maƙasudin rahoto shi ne mai gyara ya iya ganin kuskuren da idonsa, don haka a faɗi abin da aka yi daki-daki, da abin da aka sa rai zai faru, da abin da ya faru, a kuma rarrabe tsakanin abin da aka gani da abin da ake zato. Bayan haka Eric Raymond da Rick Moen suka fitar da doguwar nasiha a kan tambaya cikin hikima, wadda ta yi fa'ida ƙwarai, sai dai harshenta na da kaushi, har wasu suka mayar da ita sandar korar baƙo, su jefa masa ita a maimakon amsa. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma wanda aka kunyata a gaban jama'a a tambayarsa ta fari, da wuya ya sake yin ta biyu.

A 2017 kamfanin GitHub, inda mafi yawan waɗannan ayyuka suke zaune, ya yi bincike a tsakanin mutane fiye da 5,000, sakamakon kuwa ya tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa. Kashi 93 cikin 100 sun ce sun ci karo da bayanan jagora marasa cika ko waɗanda zamani ya wuce su, amma kashi 60 cikin 100 na masu ba da gudummawa sun ce ba safai suke taɓa waɗannan bayanai ba, ko ma ba su taɓa ba sam. Rabin waɗanda aka tambaya sun shaida lokacin da aka yi wa wani rashin mutunci, kashi 18 kuma su aka yi wa. Kusan rubu'insu sun ce Ingilishinsu bai kai na ƙwararru ba, ga shi kuwa da Ingilishi ake kusan dukkan muhawarar.

Wahalar mai amsa

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka masu kula da manhaja mutane ne masu girman kai, amma adalci ya wajabta a leƙa ɗaya ɓangaren. Mutum ya rubuta ƙaramar manhaja don biyan bukatar kansa, ya sake ta don wani ya amfana, bayan 'yan shekaru sai ya wayi gari dubban kamfanoni sun gina kasuwancinsu a kanta, kowace safiya kuma akwatinsa cike da saƙonni: wannan ya maimaita tambayar da aka amsa sau ɗari, wancan ya ce abu ya lalace bai faɗi wace siga yake amfani da ita ba, wani na neman a ƙara masa abin da shi kaɗai ke bukata, wani kuma zagi kawai ya zo yi. Nadia Eghbal, wadda ta rubuta wa gidauniyar Ford rahoto a kan wannan al'amari a 2016, ta kuma faɗaɗa shi a littafinta na 2020, ta nuna cewa kwafin manhaja ba ya ƙarewa komai yawan masu ɗiba, abin da ke ƙarewa shi ne lokacin mai kula da ita da natsuwarsa. Misalin abin kamar rijiyar unguwa ce, kowa na zuwa da gugarsa, amma ranar yasa mutum ɗaya ake gani a ciki.

Gajiyar ba ta bar manya ba. A watan Yuli na 2018 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Python ya kuma shugabance shi kusan shekara 30, ya sauka daga matsayinsa bayan wata zazzafar jayayya a kan ƙaramin sauyi a nahawun harshen, har jama'arsa suka koma zaɓen majalisa mai mutum 5. Ko kyakkyawar niyya ma takan zama nauyi idan ba a auna ta ba. A watan Oktoba na 2020 wani shiri da ke ba da kyautar riga ga duk wanda ya aika gyara sau 4 ya jawo ambaliyar gyare-gyaren banza, masu kula suka kwana suna sharewa, har aka sauya ƙa'ida aka ce sai aikin da ya nemi shiga da kansa. A 'yan shekarun nan kuma an sami sabon nauyi, watau rahotannin kuskure da ake sa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, masu kama da gaskiya a zahiri, waɗanda sai ƙwararre ya ɓata sa'o'i kafin ya gane babu komai a cikinsu.

Abin da sakaci ya haifar

A ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana wata ɓaraka a manhajar OpenSSL, wadda ke kulle saƙonni tsakanin mai shiga intanet da shafin da ya shiga, aka laƙaba mata suna Heartbleed. Kuskuren ya yi shekara biyu a fili ba wanda ya lura, kuma ta hanyarsa ɓarawo na iya kwasar kalmomin sirri daga kimanin shafuka rabin miliyan. Da aka bincika sai aka tarar cewa wannan manhaja, wadda bankuna da gwamnatoci suka dogara a kanta, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne tak ya duƙufa a kanta a matsayin cikakken aikinsa. An daɗe ana faɗin cewa idan idanu suka yi yawa kuskure ba ya ɓuya. Heartbleed ta nuna cewa halatta dubawa daban, samun mai dubawa daban. A shekarar da ta biyo baya wata 'yar jarida, Julia Angwin, ta ba da labarin Werner Koch na Jamus, wanda tun 1997 yake riƙe da manhajar GnuPG ta ɓoye wasiƙu, kuɗi sun kusa ƙare masa. Cikin kwana guda taimako ya kwararo, har Facebook da Stripe kowannensu ya yi alkawarin dala 50,000 a shekara. Masu hali suna nan tun da can, sanarwa ce ba ta kai gare su ba.

Mafi ban tsoro shi ne abin da ya sami xz, wata manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, wadda Lasse Collin ya yi shekaru yana kula da ita kusan shi kaɗai. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau, a 2022 kuma wasu sunaye suka taso Collin a gaba da ƙorafin cewa aiki ba ya sauri, ya kamata ya miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu, kuma su tuna aikin sa kai ne da ba a biyansa. Sannu a hankali Jia Tan ya sami amana har ya kai ga fitar da sababbin sigogi da hannunsa, a farkon 2024 kuwa ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a siga ta 5.6.0 da ta 5.6.1, wadda da ta bazu da ta ba shi ikon shiga kwamfutoci bila adadin. Allah ya ƙaddara wani injiniya, Andres Freund, yana gwajin wani abu dabam, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono makircin, ya shelanta a ranar 29 ga Maris 2024. Makamin da aka yi amfani da shi a nan shi ne gajiyar mutum ɗaya da kaɗaicinsa, aka zo masa da sunan taimako a lokacin da ba wani mai taimako.

Malaman fiƙihu sun kasa wajibi kashi biyu: farali aini, wanda ke kan kowane mutum da kansa, da farali kifaya, wanda idan wasu suka tsaya masa ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari, laifin ya hau kan duk mai iko. Kula da manhajar da jama'a suka dogara a kanta ya yi kama da kashi na biyu ta fuskar hikimarsa, illarsa kuma ita ce illar da aka sani ga irin wannan wajibi, watau kowa ya ɗauka wani ya ɗauke. Saboda haka duk dabarar da ta yi amfani a wannan fage, idan aka dube ta da kyau, abu biyu take yi: tana bayyana wa jama'a inda giɓi yake, tana kuma rage girman rabon da mutum ɗaya zai ɗauka har ya zama mai yiwuwa ga wanda ba gwani ba.

Dabarun da aka jarraba

Ta farko ita ce a ɗora ladabin tambaya a kan tsari, a daina ɗora shi a kan baƙo. A watan Janairu na 2016 wasu masu kula da manyan ayyuka suka rubuta wa GitHub buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda ɗaruruwa suka sa wa hannu, suna kukan cewa rahotanni na zuwa ba muhimman bayanai, kuma mutane na cika muhawara da saƙon da bai ƙunshi komai ba sai cewa su ma abin ya same su. Cikin wata biyu kamfanin ya fito da fom wanda kowane aiki zai tsara wa kansa, mai tambayar siga, da irin kwamfuta, da matakan da aka bi, ya kuma fito da alamar da mutum zai danna don nuna goyon baya ba tare da ya tayar da kowa ba. Gyaran ƙarami ne, amma ya mayar da abin da ake tsawatar wa baƙo a kansa ya zama tambayar da ake yi masa tun a bakin ƙofa.

Ta biyu ita ce a sa amsa ta wanzu. Amsar da aka bayar a ɗakin hira mutum ɗaya ta amfana, gobe ta nutse; wadda aka rubuta a wurin da bincike ke iya kaiwa, tana amfanar dubbai da ba za su taɓa sanin mai ita ba, kamar yadda sharhi da hashiyar da malami ya bari a gefen littafi suke warware wa ɗaliban da ba su riske shi ba. A kan wannan tunani Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa shafin tambaya da amsa na Stack Overflow a 2008, inda ake zaɓen amsa mafi inganci ta hau sama, ake kuma haɗe tambayoyi masu kama da juna. Tsarin ya tara taska mai yawa, sai dai tsananin tsaron ingancinta ya sa sababbin shiga suka riƙa jin ana korarsu, har a watan Afrilu na 2018 kamfanin da kansa ya amsa cewa wurin ba ya karɓar baƙi yadda ya kamata. Ƙa'idar da ayyuka masu lafiya suka runguma ita ce, tambayar da ta maimaitu sau uku alama ce ta naƙasa a littafin jagora, a je a gyara littafin.

Ta uku ita ce rarraba aiki. Amsa tambayar sabon shiga, da gwada ko kuskuren da aka kawo yana faruwa da gaske, da haɗe rahotanni biyu masu magana ɗaya, da fassara, da gyaran jagora, duk ba sa bukatar wanda ya rubuta manhajar, kuma kowanne da wani ya ɗauka sa'a guda ce aka mayar wa mai gyaran ainihi. Mozilla, mai Firefox, ta daɗe tana tafiyar da sashen taimakonta da 'yan sa kai masu amsawa da fassarawa cikin harsuna da dama. Ubuntu, wata manhajar Linux wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, ta kafa ƙungiyoyi ƙasa-ƙasa don mutum ya sami mai taimakonsa da harshensa. Shirin Google na koyar da ɗalibai lokacin hutun bazara, wanda ya fara a 2005, da shirin Outreachy, suna haɗa sabon hannu da ƙwararre na 'yan watanni, a kuma biya shi. Amma bayan abin da ya sami xz, ya bayyana cewa faɗaɗa ƙofar taimako ba ya nufin sakin mabuɗi ga kowa. Debian ta daɗe da tsarin da ya yi kama da ijaza da isnadi a wurin malaman hadisi: ba a ba mutum cikakken iko sai wani tsohon hannu ya tsaya masa, wasu sun shaida mabuɗin sa hannunsa, an kuma jarraba saninsa da fahimtarsa ga manufar aikin.

Ta huɗu ita ce rubutacciyar ƙa'idar mu'amala. Ubuntu ta fara da tata tun farkon kafuwarta. A 2014 Coraline Ada Ehmke ta tsara wata wadda dubban ayyuka suka ɗauka. A watan Satumba na 2018 kuma Linus Torvalds da kansa, wanda ya shahara da zafin harshe, ya nemi gafara a bainar jama'a, ya ɗan janye na wasu makonni, Linux ta karɓi ƙa'idar da Ehmke ta tsara. An yi saɓani a kanta, har yanzu ma ana yi, amma fa'idarta ta fuska biyu ce, domin kamar yadda take kare baƙo daga wulaƙanci, haka take ba mai kula hujjar sallamar wanda ya zo da zagi, da ikon cewa a'a ba tare da jin ya yi laifi ba.

Ta biyar ita ce kuɗi. Kamfanin Red Hat ya nuna tun da daɗewa cewa ana iya ba da manhaja kyauta a sayar da tallafi, har IBM ta saye shi a kan dala biliyan 34 a 2019. A 2019 ɗin kuma GitHub ya buɗe hanyar da mutum zai riƙa ba mai kula da manhaja wani abu duk wata. A 2022 gwamnatin Jamus ta kafa asusu na musamman don gyara ginshiƙan manhajoji, wanda a 2023 ya ba aikin buɗaɗɗiyar manhajar GNOME yuro miliyan 1. Darasin da aka koya shi ne, sadakar da ake yi ranar da gobara ta tashi ba ta riƙe aiki. Abin da ke riƙe shi tsari ne irin na waƙafi, mai gudana kowace shekara, wanda zai biya har aikin da ba a yabon mai yinsa.

Rabon ƙasar Hausa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Alƙaluman asibitoci a Nijeriya da Nijar da Gana ana tattara su ne da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 suke amfani da ita. Ma'aikatan rigakafin shan inna a Arewa sun yi aiki da buɗaɗɗiyar manhajar ODK, wadda ta samo asali daga Jami'ar Washington, wajen cika bayanai a waya, a cikin yaƙin da ya kai ga shelar kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020. Wikipedia ta Hausa a kan buɗaɗɗiyar manhajar MediaWiki take zaune, shirin Common Voice na Mozilla kuma yana tara muryoyin Hausa da 'yan sa kai suka karanta. A 2018 Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa ƙungiyar masu buɗaɗɗiyar manhaja ta Afirka, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a watan Fabrairu na 2020.

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne ga matasanmu, sai dai mafi yawansa a rukunonin WhatsApp da Telegram ake yinsa, sau da yawa ma da saƙon murya, inda gwani zai warware matsala da bayani mai gamsarwa, bayan mako guda wani ya sake kawo ta, a sake daga farko. Da ana ɗauko irin waɗannan amsoshi ana rubuta su da Hausa a wurin da mai bincike zai same su, da an rage wahalar ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya. Akwai kuma kurakuran da mu kaɗai za mu iya kai rahotonsu: manhajar da ke mayar da ɓ da ɗ da ƙ akwatunan banza, ko wadda ke tsayawa cik idan intanet ta yanke, marubucinta da ke zaune a Turai ba zai san da su ba har abada idan wanda abin ya sama bai faɗa masa ba, da siga, da matakai, da hoton abin da ya gani.

Nauyi mafi girma, duk da haka, yana kan waɗanda suka fi cin moriya, watau bankuna, da kamfanonin sadarwa, da ma'aikatun gwamnati, da jami'o'i. Kowannensu na iya lissafa buɗaɗɗun manhajojin da aikinsa ya dogara a kansu, ya binciki mutum nawa ke riƙe da kowacce, ya ware wa ma'aikatansa sa'o'i a mako don amsa tambayoyi da mayar da gyaran da suka yi a gida zuwa ga asalin aikin, ya kuma sa kuɗin tallafi a kasafin shekara kamar yadda yake sa kuɗin wuta da na haya. Sashen koyar da kwamfuta da zai karɓi rahoton kuskure ingantacce, ko fassarar babi guda na littafin jagora, a matsayin aikin da ake ba ɗalibi maki a kansa, zai yaye mutanen da suka san yadda ake tambaya da yadda ake amsawa, waɗanda su ne wannan fanni ya fi ƙarancinsu a ko'ina cikin duniya.